Ƙato a Kan Ƙaramin Babur: Lissafin da Masu Dariya Ba Su Yi Ba

A Ingila da Italiya da Amurka akwai al'adar da masu filayen tsere ke buɗe ƙofa ga mahayan babur waɗanda ba 'yan gasa ba. Mutum zai biya kuɗi, ya zo da babur ɗinsa da kayan kariyarsa, a raba mahalarta rukuni-rukuni gwargwadon gwaninta, kowa ya yi ta zagaye yana koyo. Babu kofi, babu na ɗaya. A irin wannan wuri, idan mai jiki, wanda ya kai kilo 100 ko ya haura, ya nemi shawarar babur ɗin da zai fara da shi, amsar da ya fi samu ita ce ya nemi babba, domin ƙarami ba zai ɗauke shi ba. A ganina wannan gurguwar shawara ce. Tana sa mutum ya kashe kuɗi mai yawa, ya koyi abu kaɗan, ya kuma jefa kansa cikin haɗarin da bai shirya masa ba.

Ƙananan baburan da ake magana a kansu su ne irin Kawasaki Ninja 400, da Yamaha R3, da KTM RC 390. Injinsu yana tsakanin cc 300 zuwa 400, ƙarfinsu bai wuce na doki 45 da kaɗan ba, nauyinsu kuma yana wajen kilo 170. Manyan 'yan uwansu masu cc 1000 kuwa ƙarfinsu ya kai na doki 200.

Adalci ne a fara da inda masu waccan shawara suke da gaskiya. Ɗauki Ninja 400 mai kilo 168. In mai kilo 60 ya hau, jimillar nauyi 228 ke nan, kowane doki yana jan kilo biyar da 'yar ɗoriya. In mai kilo 100 ya hau, jimilla ta zama 268, kowane doki yana jan kusan kilo shida. Ga kuma iska: faffaɗar kafaɗa ba ta ɓuya a bayan ɗan gilashin gaba, kuma in gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska tana ninkawa sau huɗu. Saboda haka a miƙaƙƙen layi, siririn yaro zai wuce ƙato ko da gwanintarsu ɗaya.

Masu tsara dokokin gasa sun san da haka. A ajin Moto3 ana auna babur da mahayinsa a haɗe, kuma ba za su gaza kilo 152 ba. A Moto2 kuwa kilo 217. A gasar Superbike ta duniya, bayan Alvaro Bautista ɗan ƙasar Sifaniya, mai ƙaramin jiki, ya lashe kambun 2022 da 2023 a kan Ducati, an kawo doka a 2024: duk mahayin da bai kai kilo 80 da kayansa ba, za a ɗora wa babur ɗinsa rabin abin da ya gaza. Wanda ya ce nauyi ba ya tasiri a tsere, bai duba littafin doka ba.

Sai dai filin tsere kwana ce ta fi yawa a cikinsa, kuma a nan lissafin yake juyawa. Gudun da babur zai iya shan kwana da shi ya dogara ne a kan abu biyu: yadda taya ta kama kwalta, da faɗin kwanar. Ƙarin nauyi yana ƙara ƙarfin da ke tura babur waje, amma kuma yana ƙara danna taya a ƙasa, sai kusan su yi canjaras. Ƙato da siriri, in tayarsu iri ɗaya ce, bambancin gudunsu a tsakiyar kwana ɗan kaɗan ne.

Har ma akwai inda mai jiki yake da riba. Mahayin tsere yakan zame daga kan sirdi ya rataya jikinsa ta cikin kwana, domin babur ya sha kwanar ba tare da ya kwanta sosai ba. Mai kilo 60 kashi 26 cikin ɗari ne na jimillar nauyi, mai kilo 100 kuwa kashi 37. Duk motsin da na biyun ya yi, babur zai fi jin sa. Dogayen hannuwa da ƙafafu kuma suna taimakawa wajen jefa babur daga hagu zuwa dama. Valentino Rossi ya haura mita 1.80, ya kuma ci kambun cc 125 a 1997 da na cc 250 a 1999. Marco Simoncelli, wanda ya ɗan fi shi tsawo, ya ci na cc 250 a 2008. Dani Pedrosa kuwa, mai kilo 51 ko kusa da haka, ya mamaye ƙananan ajujuwa, amma a MotoGP ya sha fama da ɗumama taya saboda rashin nauyi. Kowane jiki da nasa haraji.

Babbar hujjata dai ta koyo ce. Babban babur yana rufa wa mahayinsa asiri. Mutum zai taka birki da wuri, ya shiga kwana a tsorace, ya fito a karkace, sannan ya murɗa totur, doki 200 su share kuskuren cikin daƙiƙa biyu. Zai koma gida yana zaton ya iya. Ƙaramin babur ba shi da wannan kara, musamman ga mai nauyi. Gudun da ka zubar a kwana ba zai dawo ba sai ka kusa kai wata kwanar. Dole ka koyi jinkirta birki, da sakinsa a hankali, da zaɓen layi, da kallon mafita tun kafin ka isa. Nauyin da ake ganin nakasu ne, shi yake sa darasin ya fi shiga. In kuma aka faɗi, faɗuwa a gudun kilomita 90 daban take da faɗuwa a 190, ga jiki da kuma aljihu.

Akwai sharaɗi: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ana ƙera waɗannan babura da sifirin mai laushi wanda ya dace da mai matsakaicin jiki a kan titi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan acaɓa ya ɗora buhu biyu a kan Boxer ya san abin da ke fara gazawa: inji yana ja, amma baya ya durƙushe. Haka yake a filin tsere. Idan shokozoba ta lotsa har ƙarshe, gaba zai nutse lokacin birki, matakin ƙafa ya riƙa kartar kwalta, taya ta rasa abin da zai riƙe ta a gargada. Masu gyaran baburan tsere suna son babur ya sauka kimanin milimita 30 zuwa 35 idan mahayi ya zauna da cikakkun kayansa. Ɗaure sifirin yana ɗaga babur ne kawai, ba ya ƙara masa tauri. In awon ya ƙi fita, sai a sauya sifirin da wanda ya dace da nauyin mutum. Bayan wannan sai a gyara mazauni: a ɗaga sirdi, a matsar da matakan ƙafa, domin gwiwa ta sami wurin kama tanki. Sai birki, tunda faifai ɗaya ne a gaba kuma ƙarin nauyi ƙarin zafi ne. Sabon man birki mai jure zafi ya wajaba. Duk wannan ya riga sabon salansa ko taɓa inji, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin babban babur ba.

Zaɓen fili ma yana da muhimmanci. Mugello ta Italiya, mai miƙaƙƙen layi fiye da kilomita ɗaya, za ta gundiri ƙato a kan cc 400. Cadwell Park ta Ingila, siririya mai yawan lanƙwasa, ko gajeren zagayen Brands Hatch da bai cika kilomita biyu ba, nan ne zai ga amfanin abin da ya koya.

Magana tana da iyaka. Wanda tsawonsa ya sa gwiwarsa ke tokarar hannun babur har ba ya iya juya shi, aminci ya hana shi hawa, sai ya nemi mai faɗin mazauni. Wanda kuma burinsa cin kofi ne a ajin ƙanana, ya sani da gibi zai fara. Amma mai son ya iya tuƙi, kada dariyar 'yan kallo ta zaɓar masa babur. Ya zauna a kai da kayansa, a auna saukar shokozoba, a gyara abin da ke buƙatar gyara, ya shiga fili. Ranar da ya fara cim ma masu cc 1000 a tsakiyar kwana, ya san lokacin tunanin babban babur ya yi.