Giga nawa ne a katin hoton kwamfutarku?

A hutun da ya wuce, wani abokinmu da muke ɗaki ɗaya da shi a jami'a ya tara kuɗin da ya samu daga koyar da yara lesin, ya sayi laftof ta gwanjo. Mai shagon ya tabbatar masa cewa katin hotonta giga 4 ne, har ya nuna masa lambar a kan allo. Da aka dawo makaranta muka ɗora mata wasan ƙwallo, sai ga 'yan wasa suna ɗingishi, hoto yana tsayawa yana ci gaba. Mai shagon bai ƙirƙiri lambar ba, amma ba ita ce wadda ya kamata a duba ba.

Katin hoto shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da kuke gani a allo. Iri biyu ne. Akwai mai zaman kansa, irin na NVIDIA ko AMD, wanda yake da tasa ma'ajiyar da ake kira VRAM. Akwai kuma wanda aka haɗa a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar Intel HD Graphics da ke cikin yawancin laftof na gwanjo. Wannan na biyun ba shi da ma'ajiyar kirki, ara yake yi daga RAM, kuma Windows takan ba shi damar aron kusan rabi. Kwamfutar abokinmu RAM ɗinta giga 8 ne, kun ga inda giga 4 ɗin ya fito. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara: RAM ba ta kai ma'ajiyar katin gaske sauri ba, kuma duk abin da aka ara an rage wa sauran ayyuka ne.

To, ga yadda za ku duba taku a gida, ba sai da intanet ba. Ku danna madannin Windows tare da harafin R, ku rubuta dxdiag a akwatin da ya fito, ku danna Enter. Ku shiga shafin da aka rubuta Display. Nan za ku ga sunan katin, sannan a ƙasa lambobi uku. Kada Approx. Total Memory ta ruɗe ku, jimilla ce ta nasa da na aro, ita ce ma aka nuna wa abokinmu. Wadda kuke nema ita ce Display Memory. A tasa kwamfutar mega 128 muka gani a wurin, alhali giga ɗaya mega 1024 ne. Mun yi dariya, shi dai bai yi ba.

In kwamfutar tana da Windows 10 ko 11, akwai hanyar da mu muka fi so. Ku danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ku shiga Performance, ku zaɓi GPU. Dedicated shi ne nasa na kansa, Shared shi ne na aro. Daɗin wannan hanyar shi ne za ku iya barin ta a buɗe, ku kunna wasa ko bidiyo, ku ga yadda ma'ajiyar take cika. In kun ga GPU 0 da GPU 1, kwamfutar kati biyu gare ta, ku duba kowanne. In kuma sunan da ya fito Microsoft Basic Display Adapter ne, ba a ɗora wa katin direbansa ba, kuma kafin a ɗora ba za ku san ƙarfinsa ba.

Yawan giga kaɗai ba shi ne ƙarfi ba. Ku ɗauki ma'ajiyar kamar teburin tela, katin kansa kuma shi ne telan. Babban tebur ba ya sa mai sanyin hannu ya gama ɗinkin Sallah da wuri. Akwai GT 730 mai giga 4, amma GTX 750 Ti mai giga 2 ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa muke cewa ku rubuta cikakken sunan katin a takarda, ku gwada shi da abin da masu wasan ko manhajar suka ce ana buƙata. GTA V, misali, da ya fito a kwamfuta a 2015, mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne kati mai giga 1 da RAM giga 4.

Kada wanda ya ga mega 128 ya raina kwamfutar gidansu. Ta isa buga rubutu, kallon darasi a YouTube, koyon rubuta manhaja da atisayen jarrabawar JAMB. Inda take gazawa shi ne manyan wasanni da tace bidiyo mai nauyi. A kwamfutar tebur ana iya sayen kati a saka, muddin akwai gurbinsa kuma akwatin wutarta zai iya ɗauka. A laftof kuwa yawanci a manne yake, ba ya canzuwa, sai dai a ƙara RAM ya ɗan sami sarari. Abin da abokinmu ya yi ke nan. Wasan ƙwallon yanzu yana tafiya, amma sai da ya rage kyan hoton zuwa matakin ƙarshe.