Jirgin da ke kai wa mayaƙan ruwa tuwo, amma ba ya samun ko "like" ɗaya

Duk lokacin da rikici ya tashi a Gabas ta Tsakiya, sai Facebook da TikTok ɗinmu su cika da bidiyo iri ɗaya: ƙaton jirgin ruwan Amurka mai ɗauke da jiragen yaƙi yana keta teku, an ɗora masa kiɗa mai tayar da tsikar jiki. A ƙasa kuma musu ya kaure, wannan ya ce an gama da Iran, wancan ya ce makami ɗaya ya ishe shi. Ni dai tambayar da ban taɓa gani ba ita ce: mutum kusan dubu biyar da ke cikin wannan jirgi, wa ke ba su abinci?

Injinsa na nukiliya ne, yana iya shekara ashirin ba a sake masa makamashi ba. To amma cikin ɗan Adam ba na nukiliya ba ne. Ƙwai na ƙarewa, fulawa na ƙarewa, harsashi da kayan gyara ma haka. Mai kawo su wani jirgi ne mara kyan gani, wanda da za ka gan shi a tashar ruwa sai ka ɗauka na 'yan kasuwa ne.

Amurka na da irinsa guda 14, ana kiran zubin nasu Lewis and Clark. Kamfanin NASSCO ne ya ƙera su duka a San Diyego ta jihar Kalifoniya. Na farko ya shiga hannun rundunar ruwa a 2006, na ƙarshe, Cesar Chavez, a 2012. Kowanne tsawonsa mita 210, wato filin ƙwallo biyu a jere. Cikinsa rumbuna ne da ɗakunan sanyi da ma'ajiyar makamai da na'urorin hawa da sauka da kaya, ga wurin ajiye helikwafta biyu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne galibin ma'aikatansa, su fiye da 120, ba sojoji ba ne. Farar hula ne masu aikin albashi. Shi ya sa sunayen jiragen ke farawa da USNS maimakon USS.

Yadda suke miƙa kayan kuwa, nan ne kallo yake. Ba a tsayawa. Jiragen biyu za su jera kafaɗa da kafaɗa suna tafiya da gudu ɗaya, tazararsu ba ta kai rabin tsawon mai kawo kayan ba. Sai a harba siririyar igiya zuwa ɗaya jirgin, a jawo wayar ƙarfe da ita, sannan a riƙa zurara kaya a kai, teku na tafasa a ƙasa. Helikwafta kuma na jigilar wasu a raga. Ka tuna wani lokaci bama-bamai ne ke lilo a kan wayar nan. Matuƙi ɗaya ya ɗan karkace, an shiga uku. Ana iya shafe awanni a haka, wani lokacin ma da dare.

Kuma ba yaƙi kaɗai suke wa hidima ba. A 2009 an mayar da Lewis and Clark wurin tsare waɗanda ake zargi da fashin teku a gabar Somaliya. A 2011, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami a Japan, Matthew Perry na cikin jiragen da suka yi aikin agaji. Na 13 a jerin an sa masa sunan Medgar Evers, baƙar fata ɗan gwagwarmayar 'yanci da aka harbe a ƙofar gidansa a Misisipi a 1963. Matarsa ce ma ta yi bikin raɗa wa jirgin suna a 2011. Wannan kaɗai labari ne, amma wa ya tura maka shi a WhatsApp?

Wani zai ce, to ai mai harbi shi ne jarumi, ɗan dako ɗan dako ne. Na yarda ba jirgin fulawa ke tsorata abokin gaba ba. Sai dai duba abin da ya faru a 2024. A watan Satumba, Big Horn, jirgin dakon mai da ke rakiyar ayarin Abraham Lincoln, ya samu matsala a kusa da gabar Oman, dole aka shiga neman wata hanyar kai wa ayarin mai. A shekarar dai, hukumar da ke tafiyar da waɗannan jirage ta ce za ta jingine guda 17, ba don sun lalace ba, sai don babu isassun ma'aikata. Mutane na barin aikin saboda watanni a teku ba mai canjinsu. Ƙasa mafi kashe kuɗi a kan soja a duniya ke nan fa, ta rasa masu tuƙi da masu girki.

A aji an koya mana cewa abin da ke da ƙara da wuta shi ke zama labari, kuma manhajojin nan sun ɗauki wannan ɗabi'a sun ninka ta. Ban ce laifin ɗan sakandaren da ya yi "share" ba ne. Haushina na kan masu shafukan da ke kiran kansu masu sharhin tsaro, mabiya dubu ɗari, amma sharhin bai wuce ƙirga makamai masu linzami ba. Ni ma na taɓa yin irin wannan rubutu a shekarata ta farko, har na ji daɗin yawan comments ɗin, ba zan ɓoye ba.

Don haka idan bidiyon nan ya sake faɗowa a wayarka, ka tambayi mai shafin: jiragen dako nawa ke bin ayarin, daga wace tasha suke lodi, kwana nawa ke tsakanin lodi da lodi? In ya yi shiru, ka nemi wani shafin.