GIDAJEN RENON SANA'A: KADA SU TSAYA A G.R.A.

Malam mai karatu, ɗaga murya na bayan taro su ji, domin maganar yau ta 'ya'yansu ce.

Akwai wasu gidaje da suka fara bayyana a biranenmu, waɗanda za mu kira gidajen renon sana'a. Ga yadda suke aiki. Saurayi ko budurwa na da dabarar kasuwanci ta hanyar waya ko kwamfuta, amma ba jari, ba shago, ba uban gida. Sai gidan ya ba shi wurin zama, da wutar lantarki, da intanet. A haɗa shi da gwanayen da za su koya masa lissafin riba da faɗuwa, a taimaka masa ya yi wa kamfaninsa rajista, a kai shi gaban masu kuɗi. Su kuma masu kuɗin sau da yawa hannun jari suke saye, watau in an ci riba a raba, in an faɗi a faɗi tare. In ya yi ƙarfi sai a yaye shi, wani ya shigo.

Dattawa, wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. Aikin fatoma ne. Fatake in sun sauka a zango, fatoma ke ba su masauki, ya adana kayansu, ya nemo mai saye, ya tsaya musu. Abin da ya canja shi ne hajar.

Kuma kada wani ya ce muku wasan yara ne. Tun 1993 Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar renon fasaha ta farko a Agege ta Ikko, ta Kano ta biyo baya a 1994. A 2011 wasu matasa suka buɗe gidan CcHub a Yaba, har mai Facebook da kansa ya ziyarce shi a 2016. Wasu samari biyu 'yan Nijeriya suka kafa kamfanin Paystack na biyan kuɗi ta intanet, wani gidan reno a Amurka ya riƙe su, a 2020 aka saye kamfanin a kan sama da dala miliyan 200. A watan Oktoba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a dokar tallafa wa irin waɗannan ƙananan kamfanoni. Mu ma nan Katsina ba a bar mu a baya ba: matasa sun kafa gidan Kirkira a cikin birni, kuma a 2023 aka naɗa wanda ya kafa shi, Naufal Ahmad, shugaban hukumar fasahar sadarwa ta jiha. Mun yaba, Allah ya ƙara albarka.

To, amma ina ɗan ƙauye a cikin wannan rabo?

Mai wannan rubutu ya yi koyarwa a ƙauye kafin ya shiga aikin jam'iyya. Akwai wani ɗalibinsa, ɗan manomi, wanda babu wayar da za ta lalace a garin bai tayar da ita ba. An taɓa shirya horo na sati biyu a wani gida a G.R.A., kyauta. Yaron ya lissafa kuɗin mota, da na abinci, da wurin kwana, ya ga sai an sayar da akuyar uwarsa. Bai je ba. Yau yana ci-rani a Kudu, yana tura baro. Kyautar da sai mai hali ke iya zuwa ya karɓa, ai ba ta isa ga talaka ba.

Jihar nan ƙananan hukumomi 34 gare ta. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a 13 daga cikinsu saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, Batsari, Safana, Faskari da Funtuwa, aka yi watanni ba a ji ɗuriyar kowa. Wanda sana'arsa ke cikin waya, ranar nan aka rufe masa shago. Saboda haka tsaro, da wuta, da layin waya su ne tushe. In babu su, duk alkawarin kwamfuta tatsuniya ce.

Ga abin da muka tsaya a kai. A kai gidan reno kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, ko da ɗaki biyu ne a makarantar sakandare, da wutar sola. A ware wa 'yan mata nasu lokaci da malamai mata, don iyaye su saki jiki. A yi koyarwa da Hausa. A sa matasan su fuskanci matsalarmu: farashin masara a Dandume da Bakori, takin zamani na jabu, maganin dabbobi, da dillalin da ke cin guminmu. Kuma a liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka a bainar jama'a, kada abin ya zama na 'ya'yan wane da wane.

Duk ɗan takarar da ya zo garinku, namu ne ko na wasu, ku tambaye shi abu uku: A ina za a buɗe? Yaushe? Da wane kuɗi? In ya fara kame-kame, kun gane.

Iyaye mata, taliya da sabulu da turmin atamfa kwana nawa za su yi? Ƙuri'a kuwa shekara huɗu ce. Ku adana katin zaɓenku, ku fito da sassafe, ku tsaya har a ƙirga a gabanku. Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.