Feda ta Uku: Abin da Marsandin Kawu Ta Koya Mini

Duk wanda ya tashi a Miga ya san cewa a wurin mai mota shekara kashi biyu ce: lokacin da hanya take hanya, da lokacin da take komawa fadama. Da Agusta ta kama, kogin Haɗeja ya cika ya fara neman inda zai zube, to direba sai ya koma rabin matuƙin jirgin ruwa. A daminar 2022, wadda mutanen Jigawa ba za su manta da ambaliyarta ba, Marsandin kawuna ta shiga ruwa har bakin ƙofa a hanyar dawowa daga Jahun. Ta fito da ƙafarta, muka yi hamdala. Bayan 'yan kwanaki sai aka wayi gari inji yana tashi lafiya lau, a sa giya, a taka totur, mota ta ce ba inda za ta. Da aka zaro ma'aunin man giya, maimakon ja garau sai ga shi kamar an zuba nono a zoɓo.

Motar nan 190E ce, otomatik, Kawu ya sayo ta daga Kwatano tun ina goye. Ta kai amare ɗakunansu, ta kai masu naƙuda asibitin Jahun da tsakar dare, ta ɗauko buhunan shinkafa daga gona. Sai ga ta yashe a gindin darbejiya kusan shekara biyu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. 'Yan gwangwan sun zo taya ta sau uku. Zaɓi uku ne a gaban Kawu: ya sayo wani giyabos otomatik ɗan Beljiyam, ko ya sayar da ita a kilo, ko a mayar da ita manuwal. Ni na dage a kan na ukun, kuma a wata huɗun da na yi na SIWES a wani gareji a Haɗeja muka yi aikin.

Da na dawo makaranta na ba da labari a ɗaki, dariya aka yi ta yi mini. Wani abokina ya ce, "Haba Injiniya! Duniya ta kai ga mota mai lantarki, kai kuma kana ƙara wa mutane feda?" Wannan rubutu amsarsa ce, da ta duk mai ganin cewa ci gaba shi ne mu kwaikwayi abin da ake yayi a wani wuri ko da bai dace da ƙasarmu ba.

Bari in fara da ita motar, don kada a ɗauka akwala ce kawai. Kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera jerin 190 daga 1982 zuwa 1993, kuma a cikin danginta akwai ta tsere, wato 190E 2.3-16, wadda kamfanin Cosworth na Ingila ya yi wa kan inji. A 1984 aka tara manyan direbobin duniya a filin tsere na Nürburgring a Jamus, aka ba kowa irin wannan mota iri ɗaya, wani matashi ɗan Brazil mai suna Ayrton Senna ya zo na ɗaya, Niki Lauda na biye da shi. Giyar hannu ce mai biyar a cikin motocin. Ta Kawu ba ta tsere ba ce, amma gangar jikinsu ɗaya, kuma masana'antar ta fitar da 190E iri biyu tun asali, otomatik da manuwal. Ma'ana, mazaunin feda ta uku yana nan a jikinta, jira kawai yake. Ba mu ƙirƙiri wani abu da injiniyoyin Jamus ba su tanada ba.

To me ya sa manuwal? Dalili na farko ruwa. Giyabos yana da 'yar ƙofar shan iska a samansa. In ya yi zafi ya faɗa ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta nan. A cikin otomatik akwai faya-fayai masu wani shafi kamar takarda da aka manna da gam, ruwa na taɓa su shafin ya fara saɓulewa, shi ke nan sai a sauke giyabos a buɗe. Manuwal kuwa haƙoran ƙarfe ne cikin mai. In ruwa ya shiga ka tsiyaye da wuri, ka zuba sabo, galibi ka tsira. Mutumin da kowace damina sai ya ratsa ruwa, wanne ya kamata ya riƙe?

Na biyu taɓo. In ka kafe a laka, da manuwal kana iya tashi da giya ta biyu, kana sakin kuloci a hankali don kada taya ta yi ta juyawa tana haƙa wa kanta rami. Kana iya lilo da motar, gaba kaɗan, ribas kaɗan, har ta fita. Yi wa tsohuwar otomatik haka na tsawon lokaci, man ciki ya ɗau zafi ya ƙone. Na uku batir. In ya mutu maka a tsakanin gonaki, da manuwal samari uku sun isa su tura ka ka tashi. Yawancin otomatik ba sa tashi da turi, kuma jan su da igiya nesa alhali inji a kashe yana lalata su, domin famfon da ke zagaya mai a ciki da inji yake aiki. Wasu tsofaffin Marsandi an yi musu famfo na biyu saboda haka, amma su ma sai an ja su da wata mota da gudu, ba turin mutum uku ba.

Na huɗu mai. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, kowa ya koyi lissafin lita. Tsohuwar otomatik irin ta Kawu giya huɗu gare ta, kuma tsakaninta da inji wani tulu ne mai cike da mai, ana ce masa kwanbata, wanda kullum yana ɗan sulɓi, wani ƙarfin yana tafiya a zafi. Giyarta ta ƙarshe ɗaya da ɗaya ce: inji ya juya sau ɗaya, farfela ta juya sau ɗaya. Giya ta biyar a manuwal kuwa kusan 0.8 ce. Ku ɗauko kalkuleta: in a da inji yana juyi 3,500 a minti a wani gudu, yanzu a wannan gudun 2,800 zai yi, matuƙar ba a canja aksul na baya ba. Wannan lissafin aji ɗaya ne, amma wallahi sai a ƙarƙashin mota na fahimci abin da yake nufi.

Na biyar, kuma shi ne babba: wa zai gyara? Fijo 504 ta mamaye arewa ne ba don ta fi kowace mota kyau ba. A 1975 aka fara haɗa ta a kamfanin PAN a Kaduna, kayanta suna ko'ina, kuma kowane gari akwai bakaniken da zai kwance giyarta ya mayar. Mota ce da ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, 'yar'uwarta mai ƙofa biyu ta sake ci a 1978, amma abin da ya riƙe ta a Gujungu da Kafin Hausa shi ne ana iya gyara ta a gindin bishiya. Faifan kuloci in ya cinye, aikin yini ne. Otomatik in ta yi gardama, sai a fara maganar ɗaukar mota zuwa Kano.

Yanzu bari in faɗi gaskiyar da masu goyon bayana ba za su so ji ba. Yawancin juyen da ake yi a garejojinmu, aikin ganganci ne. Mutane suna ɗauka a cire wannan giyabos a ɗaura wancan ne kawai. Ina! Mun je Kofar Ruwa a Kano sau biyu kafin kaya su cika: giyabos, da fulawil, da faifan kuloci da murfin da ke matse shi, da boris ɗin da ke tura murfin, da wani ɗan ƙaramin boris da ke zama a gindin karanshaf wanda kowa ke mantawa da shi, da fedoji, da masta ta sama da ta ƙasa tunda kulocin da man birki yake aiki, da sandar giya da hannayenta, da ƙarfen da giyabos ke zama a kai, da gaban farfela domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Sannan a toshe tiyon da ke kai man giya lagireto, a toshe na iska da ke zuwa daga inji, a haɗa wayar fitilar ribas, a duba ko maleji yana faɗin gaskiya.

A nan ne muka yi ta kai ruwa rana da maigidana na gareji, mutumin da ya fi shekara talatin yana wannan sana'a kuma nake girmamawa har gobe. Da farfelar da ta dace ta yi wuyar samu, sai ya ce a yanke tsohuwar a kai wa mai walda. Na ce, "Oga, a yi haƙuri, wannan abin yana juyi dubbai a minti. In ya karkace ko da kaurin ƙumba ne, motar za ta riƙa rawa, ta cinye boris, wata rana ta tsinke a kan gudu." Ya dube ni ya ce, "Yaro, kafin a haife ka nake yanka farfela." Na yi shiru, na koma na roƙi Kawu ya ƙara haƙurin mako biyu har aka samo ta asali. Haka notocin fulawil: littafin masana'anta ya faɗi ƙarfin da za a ɗaure su, da sifana mai awo, ba da bututu da ƙarfin damtse ba.

Inda na sha kunya kuwa, laifina ne ni kaɗai. Otomatik tana da wani makunni da ke hana kik aiki sai giya tana P ko N. In an cire ta dole a haɗa wayoyin nan biyu, in ba haka ba mota ba za ta tashi ba. Na haɗa su, na ji daɗi, na manta cewa daga yanzu motar za ta tashi ko tana cikin giya. Ranar gwaji na murɗa makulli tana giya ɗaya, ta yi tsalle ta ture bencin da yaran gareji suke cin abinci a kai. Allah ya kiyaye sun tashi sallah. Oga bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "To ɗan boko, wannan a wane shafi yake?" Washegari shi da kansa ya kawo shawarar mu ɗaura ƙaramin makunni a fedar kuloci, yadda mota ba za ta tashi ba sai an taka. Ni na zana yadda wayar za ta bi, shi ya san inda za a ɗaure shi ba tare da ya karye ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ban ce kowa ya je ya juya motarsa ba. Otomatik na zamani masu giya takwas ko tara sun kamo manuwal wajen tsimin mai, wasu ma sun wuce ta, kuma kwamfutarsu a haɗe take da ta inji, taɓa su jidali ne. Wanda kullum yake cikin cunkoson Kano, ko dattijo mai ciwon gwiwa, ko mai lalurar ƙafa, otomatik rahama ce gare shi. Haka in da a ce ta Kawu irin ta tseren nan ce da ba a ƙera da yawa ba, da ni zan fara cewa kada a taɓa ko noti ɗaya, domin a Turai masu tara tsofaffin motoci asali suke saye da tsada. Magana ita ce a dubi mota, a dubi hanya, a dubi aljihu, a dubi wanda zai gyara. Wannan shi ne aikin injiniya, ba bin yayi ba.

Abin da ya sa na kawo zancen cikin mujallarmu shi ne furojet. Mu da muke ajin ƙarshe mun san yadda abin yake, kada mu yaudari juna. A je shagon kwamfuta, a sayi tsohon aiki, a canja suna da shekara, a yi masa bango mai kyau. Ko a haɗa wani ɗan inji da zai yi aiki minti biyar ranar difens, daga nan ya koma sito ya yi tsatsa. Alhali daga nan zuwa Auyo akwai motoci da injinan ban ruwa da taraktoci da suka mutu saboda matsalar da ɗalibi biyar da malami ɗaya za su iya warwarewa. Iyayenmu suna sayar da shinkafa da riɗi su biya mana kuɗin makaranta, mu koma gida da takarda, famfon gona ya lalace a kira wanda bai taɓa shiga aji ba. In muka ci gaba a haka, ranar da za mu nemi aiki, me za mu ce mun iya?

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗalibai guda biyu ce. Ta farko, ta nemi sassan injiniya su amince da gyara ko juya na'ura ta gaske a matsayin furojet, da sharaɗin a kawo lissafi, da zane, da gwajin kafin aiki da bayansa: lita nawa take sha a da, nawa take sha yanzu, an auna, ba an ji an ce ba. Ta biyu, a riƙa gayyato manyan bakanikai na gari su shigo wokshof ɗinmu, ko sau ɗaya a zango, su nuna mana abin da hannu ya sani, mu kuma mu nuna musu abin da ma'auni ya sani. Su ba sa rasa aiki, mu ne muke buƙatarsu, amma su ma za su rage yanka farfela.

Marsandin Kawu tana kan hanya yanzu. Makon farko ta yi ta mutuwa a hannunsa, ƙafarsa ta hagu ta manta aikinta shekara ashirin, yara suna bin sa suna dariya. Da damina ta zagayo ya kafe a hanyar gona, ya sa giya biyu, ya yi lilo sau uku ya fita. Da daddare ya kira ni a waya, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗana, ashe kuɗin makarantar nan ba asara nake yi ba." Sai ya ƙara da cewa injin ban ruwansa ma yana hayaƙi, in na zo hutu in taho da kayan aikina.