A Daidaita Bugu Kafin A Haƙa Harsashi

Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, a nan kuma ya tuƙe. Tazarar da ke tsakanin ƙarafunansa biyu milimita 1,067 ce. Shi kuwa sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, tasa tazarar milimita 1,435 ce. Komai kyan tarago, in don wancan aka ƙera shi, ba zai hau wannan ba. To, irin wannan matsala ta kutsa cikin sana'ar zanen gine-gine, sai dai ita ido ba ya ganinta, domin a cikin kwamfuta take.

A da, da fensir da takarda ake zana gini, duk magini mai ido kuma zai karanta. A yau manhajoji irin su Revit da ArchiCAD kan tayar da siffar ginin sukutum a cikin na'ura. Kowane bango yana ɗauke da bayanin tsawonsa da kaurinsa da abin da za a yi shi da shi. Mai zane da injiniya da mai ƙiyasin kuɗi duk a kan siffa ɗaya suke aiki. Wannan ci gaba ne babu ja.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Kowace shekara kamfanin Autodesk na Amurka yakan fito da sabon bugun Revit, kamar yadda ake sake buga littafi. A ce za a gina ɗakin shan magani a Zurmi. Mai zanen yana Ƙauran Namoda da bugun 2021, injiniyan kuwa yana Gusau da na 2024. Da zarar injiniya ya buɗe fayil ɗin ya adana shi da nasa bugun, shi ke nan, fayil ya rikiɗe. Tsohon bugu ba zai ƙara buɗe shi ba, manhajar kuma ba ta tanadi hanyar mayar da shi baya ba. Mai zane ya zama baƙo a gonarsa. AutoCAD, wadda ta fito tun 1982, ta ɗan fi sassauci, don tana barin mutum ya adana aikinsa a tsohon tsari, ko da yake ita ma ta sauya tsarin fayil a 2007 da 2010 da 2013 da 2018.

Wani zai ce ai sai mai zanen ya sayi sabon bugu. Faɗa da baki! Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da manhajojinsa sayen har abada, haya ake biya, farashinta kuma dala yake bi. Sabon bugu yakan nemi kwamfuta mai ƙarfi, sauke shi daga intanet ma wani aiki ne. Matashin da ya gama karatu ya buɗe ɗan ofishinsa a Shinkafi, shi za a fara ture wa daga aikin, alhali gwanintarsa ba ta ragu da ƙwayar zarra ba.

Kada mai karatu ya zaci masu ƙaramin ƙarfi kaɗai abin ke kayarwa. A 2006 kamfanin Airbus ya sha kunya wajen haɗa katafaren jirgin samansa A380. Injiniyoyin Jamus sun yi zane da bugu na 4 na manhajar CATIA, na Faransa da bugu na 5. Da aka zo shimfiɗa wayoyin lantarki, masu tsawon kimanin kilomita 500 a kowane jirgi, sai aka tarar wasu sun gaza kaiwa inda aka nufa. Aikin ya yi jinkirin kusan shekara biyu.

Ra'ayina shi ne, a rubuta sunan manhaja da bugunta a cikin takardar kwangila tun kafin a ja layin farko, kada kowa ya sabunta tasa sai da yardar sauran. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuwa, ma'aikatun ayyuka da ƙananan hukumomi su daina karɓar zane a tsarin da kamfani ɗaya ke riƙe da makullinsa. Akwai buɗaɗɗen tsari mai suna IFC, wanda Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta amince da shi a 2013 da lamba ISO 16739. Manyan manhajojin gini suna iya fitar da shi, har FreeCAD da ake samu kyauta tana karanta shi. Gaskiya ne yana da nasa naƙasu: wasu bayanai kan zube a hanya, gyara a cikinsa kuma ba ya da daɗi. Duk da haka, makarantar da aka gina bana za ta iya kai shekara 50 a tsaye, kuma ranar da za a ƙara mata bene dole a san inda ƙarafa da bututu suka bi. Wa zai lamunce cewa bugun bana zai buɗu a wannan rana? Don haka a haɗa da kwafin PDF da na takarda a ajiye a ofis.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ita ce ta fi dacewa ta cusa wa ɗalibanta wannan ɗabi'a. Malaman sakandare ma suna da rawar takawa. Idan makaranta na da kwamfuta biyu masu manhajar rubutu daban-daban, a sa ɗalibai su tsara shafi mai jadawali da hoto a ɗaya, su buɗe shi a ɗayar, sa'an nan su lissafa abin da ya goce daga wurinsa.