Fenti Ba Ya Maganin Tsatsa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu na ganin aikin hannu ƙasƙanci ne ga ɗan jami'a. Ni kam na bar wannan ra'ayi, kuma tsohuwar a-kori-kurar mahaifina ce ta raba ni da shi.

Motar ƙirar Peugeot ce, kamfanin da aka fara harhaɗa motocinsa a Kaduna a 1975. Da ita ake kai hatsi kasuwa, daga nan kuɗin karatuna ke fitowa. Tsatsa ta cinye gindin ƙofofinta, inda laka da ruwan damina ke kwanciya. A hutun bara na cike ramukan da fila, na fesa fenti, ina alfahari. Kafin damina ta wuce fentin ya kumbura, ramukan suka ƙaru.

Da na kai kukana ga wani dattijo mai walda, sai ya ce, "Ɗana, ba a ɗaure miki da ruɓa a ciki." Ya sa na yanke ruɓaɓɓen wurin har na tarar da lafiyayyen ƙarfe, na yanko faci daidai ramin. Walda kuwa ɗigo-ɗigo ake yi, ana bari tana hucewa, domin zafi kan lanƙwasa siririn ƙarfe. Daga bisani aka shafa fentin hana tsatsa ciki da waje, don kada ruwa da iska su sāke samun hanya.

Wannan darasi ban same shi a aji ba. Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta nemi hukumar jami'a ta buɗe wa kowane ɗalibi ɗakin koyon sana'a ranar Asabar.