Ba Likita Kaɗai Ke Duba Ƙwaƙwalwa Ba

A gidaje da yawa na Arewa, yaro na cin JAMB da maki mai kauri an riga an yanke masa sana'a: likita zai zama. In gurbin likitanci ya kuɓuce, jami'a ta tura shi sashen nazarin halayyar ɗan Adam, sai gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Kawunnai su ce "karatun mahaukata" aka ba shi, ƙannen uwa su ce ya haƙura ya sake zana jarrabawa baɗi. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma marasa lafiya ne ke biyan kuɗinsa.

A 1953 wani likitan fiɗa a Amurka, William Scoville, ya yi wa saurayi Henry Molaison aiki don rage masa farfaɗiya, ya cire wani yanki daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma Molaison ya daina riƙe sabon abu. A gaisa da shi yanzu, a fita a dawo, sai an sake gabatar masa da kai. Wadda ta zauna da shi shekara da shekaru tana gwada shi ita ce Brenda Milner, kuma ba likita ba ce. Nazarin halayya ta karanta. Ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannun na ƙara ƙwarewa, shi kuwa kullum cewa yake bai taɓa yin aikin ba. Da wannan ta nuna cewa tuna abin da ya faru daban, koyon aikin hannu daban, kowanne da hanyarsa a ƙwaƙwalwa. Wannan fanni shi ake kira niyurosaikoloji: auna yadda ciwo ko rauni a ƙwaƙwalwa ke taɓa tunani, magana, natsuwa da hali, sannan a tsara yadda mutum zai koma rayuwarsa.

Masu raina karatun su dubi unguwanninsu. Ɗan acaɓa ya faɗi ba hular kwano, an ɗinke kai, an sallame shi, amma ya dawo gida da saurin fushi da mantuwa, har aure na neman mutuwa. Dattijo ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙafa ta warware, kalmomi kuwa sun ƙi fitowa. Yarinya ta tsira daga sanƙarau, cutar da ta yi mummunar ɓarna a Arewa a 1996 kuma har yau take dawowa da zafin bazara, amma karatu ya gagare ta, malami na dukanta yana ce mata daƙiƙiya. Binciken da aka yi a Uganda ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa suna fama da raunin fahimta shekara biyu bayan sun warke. Waɗannan mutane likita ya gama nasa a kansu. Da yake babu mai yi wa iyali bayanin abin da ya lalace, sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta yawon neman magani har a sayar da gona.

Akwai kuma wani giɓi da sai ɗan gida zai cike shi. Yawancin gwaje-gwajen da ake auna tunani da su an tsara su ne don mutanen da suka yi boko a Turai da Amurka. Gwajin MoCA, wanda aka ƙirƙira a Kanada, yana sa mutum ya haɗa lambobi da haruffan boko da layi, ya zana agogo, ya faɗi sunan karkanda daga hoto. Mahaddacin Alƙur'ani da bai taɓa zama ajin boko ba zai iya faɗuwa wannan gwaji warwas alhali kansa garau yake. Masana a Ibadan da Tanzaniya sun tsara gwajin IDEA domin tsofaffin da ba su yi karatun zamani ba. Irin wannan aiki da Hausa, ga miliyoyin masu jin ta daga Kano zuwa Damagaram, yana jiran wanda ya san fannin kuma ya san mutanen.

Hanyar ba gajera ba ce, kuma bai kamata a ruɗi kowa ba. Digirin farko na shekara huɗu share fage ne kawai. Sai an ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti, da horo a ƙarƙashin ƙwararre. A Amurka sai da digirin digirgir da ƙarin horon shekara biyu. Guraben aikin gwamnati ma ba su da yawa. Amma wuraren da ke buƙatar mai wannan ilimi a bayyane suke: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, sassan fiɗar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, makarantun masu buƙata ta musamman, asibitocin soja, da kotunan da ke son sanin ko mutum na cikin hayyacinsa lokacin da ya sa hannu a takardar sayar da gida.

A 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Doka ba ta duba mara lafiya, sai an horar da masu duba shi. Jami'o'in Arewa su buɗe wannan fanni a matakin digiri na biyu tare da asibitocin koyarwarsu, gwamnoni su buɗe guraben aiki, iyaye kuma su bar yaron da aka ba wannan kwas ya karanta shi, su daina tura shi sake JAMB.